Na Ba Kakan Mahaifina Uban da Ba Nasa Ba

Kakan mahaifina manomi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ƙaraye, yamma da Kano. Da damina yana gona. Idan an gama girbi an cika rumbu, sai ya ɗauki sandarsa da buzunsa ya bi kasuwannin ƙauye yana wa'azi, ba ya dawowa zama sai iskar bazara ta fara kaɗawa. Ya rasu a shekarar da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu, wato 1953. Bai bar hoto ba, bai bar takardar haihuwa ba, ko sunansa ma da ƙyar ya bari, domin a gidanmu Malam kawai ake ce masa. Matansa sun yi masa alkunya, surukansa sun yi, jikokin da aka raɗa wa sunansa kuma aka lulluɓe su da Abba da Baba da Malam Ƙarami. Sunan nasa na wani annabi ne, irin wanda in ka tsaya a ƙofar masallacin Juma'a ka kira shi, sai rabin sahu ya waiwayo.

Da dangi suka yanke shawarar yin taron zumunci bayan Babbar Sallah, ni aka ɗora wa aikin tsara salsalar gida, don ni ne wanda ake ganin ya yi boko mai zurfi. Na karɓa da murna, kuma da wani abu a zuciyata wanda ban faɗa wa kowa ba. Na daɗe ina zaune a birnin Kano, garin da in an gaisa da kai sau biyu, a na uku za a tambaya ɗan gidan wa ne. Na karanta labarin jihadi a Kano, yadda Sulluɓawa da Yolawa da Dambazawa da Joɓawa da Danejawa suka tashi a kan Sarki Alwali har aka kashe shi a Burumburum, aka naɗa Sulaimanu, bayansa Ibrahim Dabo a 1819. Na ga yadda jikokin waɗannan gidaje suke jero kakanni bakwai ba tare da sun ja numfashi ba. Mu kuwa abin da muke da shi jimla ɗaya ce da tsofaffi ke maimaitawa: Malam daga gabas ya zo. Tun kafin in buɗe takarda ko ɗaya na riga na san irin amsar da nake so in samu.

Na fara da Kaduna, gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa, sannan Gidan Arewa. Wanda bai taɓa shiga ba zai zaci sunan kowa yana nan a jere. Takardun Turawan mulki an rubuta su ne don haraji. Jami'in da ya zagaya gunduma yana ƙirga magidanta, da shanu don jangali, da rijiyoyi, da marina, da yawan damin da gona ke bayarwa. A ƙasar Kano har gonaki aka riƙa aunawa da taki. Inda za ka ga salsala kuwa ta hakimai ce da ta dagatai, wane ya gaji wane, wane aka tuɓe. Talaka ba ya shiga da sunansa sai ya yi laifi ko ya kai ƙara. Mutumin da ya biya harajinsa, ya noma dawarsa, ya tara mutane a gindin tsamiya ya koya musu alwala, a cikin waɗannan takardu shi lamba ce kawai a ƙarƙashin maza baligai. Na dawo da kwafin salsalar wasu gidajen sarauta na yankinmu, ba don na ga alaƙa ba, sai don kada in dawo hannu rabbana.

Sai aka tuna da gafakar Malam. Tana rataye a ɗakin wani baffana, ƙura ta rufe ta. A ciki akwai Risala ta Ibn Abi Zaid, rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, baƙin tawada da jan wasali, rubutu mai kyau kamar an zana. In ka ɗaga takardar a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku, irin takardar Italiya da fatake ke kawowa ta Tarabulus. A warƙar ƙarshe marubucin ya bi al'adar masu kwafar littafi: ya ce ya gama ranar Alhamis, ya roƙa wa kansa da iyayensa da malamansa gafara, ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, ya rufe da cewa shi Bafillace ne. Bai sa shekara ba, kamar yadda marubutanmu da yawa ba sa sawa. Sunansa na farko kuwa shi ne sunan Malam.

Abin nema ya samu. Ban tsaya ko minti ɗaya na tambayi kaina ba ko mai rubuta littafi shi ne mai littafi. Daga nan sauran ya zo da sauƙi. Sunan kakan da ke cikin warƙar ya yi daidai da wani suna a ɗaya daga cikin salsalar da na kwafo a Kaduna, shi ma suna ne da ake samu a kowace unguwa. Na ja layi na haɗa su. Cikin dare ɗaya kakan mahaifina ya zama jikan waɗanda suka yi jihadi, malami ɗan malamai da ya baro gidan sarauta don gudun duniya, ya zo ƙauye yana shiryar da arna. Labarin ya yi mini daɗi har na fara jin tausayin kaina saboda shekarun da na yi ban san ko ni wane ne ba.

Alamu ba su ɓuya ba, ni ne na kau da kai. Babu mai jin Fulatanci a gidanmu, na ce ai Fulanin Kano da yawa sun bar shi tuntuni, kuma hakan gaskiya ne. Akwai gidan Barebari a ƙauyen tun zamanin da, kuma kowa ya san Babarbare ba ya ganin Bafillace ya wuce bai tsokane shi ba, amma ban taɓa jin sun yi wasan nan da ko mutum ɗaya daga gidanmu ba. Wannan na ce mantuwa ce. Gonarmu tana tsakiyar gonakin wasu gidaje da asalinsu Maguzawa ne, waɗanda muke zuwa bikinsu suna zuwa namu, ana kai musu naman layya, kuma tsofaffinmu na ce musu 'yan'uwa. Na fassara wannan da zaman maƙwabtaka. Mafi muni, a cikin gafakar akwai wasu guntayen takardu da rubutun ajami mai kauri, karkatacce, wani wurin tawada ta malale. Na duba su sau ɗaya na ce wani almajiri ne ya yi wasa da alƙalami, na mayar. Matan gidan kuwa ban tambayi ko ɗaya ba. Na zauna da maza a zaure, su ma ba tambayarsu nake yi ba, karanta musu abin da na gano nake yi, suna gyaɗa kai. Wa zai ƙi a ce masa jikan manya ne?

Na kai wa masu ɗab'i, aka buga babbar takarda mai launi, bishiya da rassanta, aka raba a wurin taron. An yi mini addu'a har na ji kunya. Cikin waɗanda suka zo akwai wani tsoho daga gidajen can na maƙwabta, wanda mahaifina ke ce wa Baba. Ba ya karatu, sai ya sa jikansa ya karanta masa sunayen tun daga sama har ƙasa. Da aka gama ya dube ni ya ce, "Yaro, ashe mu ba ma cikin gidan." Na ce, "Baba, ai wannan ta jini ce kawai, zumunci kuma yana nan." Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, bai ƙara cewa komai ba.

Ba a daɗe ba aka fitar da hanyar mota ta gefen gonakin, ƙasa ta yi daraja. Wani saurayi daga gidajen can ya kai ƙara gaban dagaci cewa gefen gonarmu da ke bakin hanya nasu ne. Hujjarsa takardata ce. Ya shimfiɗa ta ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi da hannun ɗansu. Kakansu baƙo ne, daga gabas ya zo. Baƙo kuwa ba ya zuwa da gona a kansa. Kakanninmu ne suka ba shi aro." A ƙauye kowa ya san gona tana zuwa hannun mutum ta gado, ko saye, ko kyauta, ko jingina, ko aro, kuma aro ko ya shekara ɗari sunansa aro. Ba mu da takardar saye, ba mu da shaidar kyauta. Abin da muke tsaye a kansa gado ne, ni kuma na rubuta da kaina, na buga da launi, cewa ba mu da wanda za mu gada a wannan ƙasa.

A wannan halin ne na je wurin Gwaggo, autar Malam. Gwaggon mahaifina ce, ni kakata ce, don haka tsakaninmu wasa ne. An haife ta a shekarar 'Yar Gusau, yunwar 1942, tana 'yar shekara goma sha ɗaya ubanta ya rasu. Ta ga takardar tun ranar taro, jikokinta sun karanta mata.

"Angon ƙarya, sai yau ka tuna da ni?" ta ce. "Na ji ka sake mana uba."

Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Ka tambaye ni? Kana can zaure da masu gemu. Mu mata me muka sani, ban da mu muka haife ku."

Abin da ta faɗa mini ta ji shi ne daga bakin uwarta da kuma ƙanwar Malam, wadda ta yi tsawon rai. Mahaifin Malam Bamaguje ne, sunansa irin na mutanen da, cikin su Nomau da Ranau da Tanko. Babban manomi ne, ya yi dubu, wato ya girbe dami dubu a damina ɗaya, aka yi biki aka kira shi Sarkin Noma. Yana da kan gida, yana yi wa uwar gona yanka kafin shuka, ana dafa giya a gidansa. Irin waɗannan gidaje sun zauna a ƙarƙashin sarakunan Musulunci suna biyan jiziya, ba a tashe su ba, kuma irinsu ne Joseph Greenberg ya zauna da su a ƙasar Kano a 1938 da 1939 ya rubuta littafi a kan addininsu. An haifi Malam a lokacin basasar Kano, yaƙin Tukur da 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, wato tsakanin 1893 da 1895. Yana saurayi ruwan 1913 ya ɗauke, yunwar Kakalaba ta biyo baya a 1914. Rumbunan Sarkin Noma suka ƙare, samari suka bazu neman abin kai wa baki. Shi ya yi kudu wajen Zazzau, ya raɓu da wani malami mai almajirai saboda tuwo. Tuwon ne ya fara kai shi, in ji Gwaggo, Allah kuma ya riƙe shi. A hannun malamin ya musulunta, shi ya sa masa sunan da muka sani, kuma shi ya bi zuwa gabas, inda masu neman Alƙur'ani ke zuwa. Bayan shekaru ya dawo gidan ubansa da allo da buzu. To, daga gabas ya zo, ba a yi ƙarya ba. Dawowa ce aka daina faɗa.

Bai yi zurfi a karatu ba. Ya sauke, ya karanta Ahalari da Ishmawi, ya taɓa Iziyya, ya haddace waƙoƙin wa'azi na ajami da yake rerawa a kasuwa. Risalar nan kuwa saye ya yi. Wani malami Bafillace ya rasu a wani gari kusa, magada suka fitar da littattafansa, Malam ya ba da damman dawa ya karɓo ta, saboda sha'awa da kuma, a zaton Gwaggo, don ya ga sunansa a ƙarshenta. Ta ce ya kan buɗe ta ya shafa, amma in tambaya mai wuya ta zo, ta gado ko ta saki, sai ya ce a je birni.

Nan ne na gane girman abin da na ɓata. A labarina, baƙo ne mai asali ya zo ya yi wa wasu wa'azi, abin da ba shi da wuya ga wanda ba ruwansa da mutanen. Mutumin gaskiya kuwa waɗanda yake yi wa wa'azi ubansa ne da yayyensa da abokan kaciyarsa, mutanen da suka san shi yana shan giya tare da su. Ya ƙi cin yankansu, amma bai fita daga gandu ba sai da uban ya rasu aka raba. Yana noman fari da maimai kafaɗa da kafaɗa da yayan da ke yi wa gonar tsafi. Uban bai musulunta ba har ya mutu, kuma Malam ne ya yi jinyarsa. Cikin yayyensa ɗaya ya bi shi, sauran suka tsaya a kan na gado. Zuriyarsu wasu sun musulunta a rangadin Sardauna na tsakanin 1963 da 1965, wasu suka shiga coci, kuma tsohon da ya ce mini ba sa cikin gidan ɗan yayan Malam ne, uba ɗaya. Duk wannan na share shi na maye gurbinsa da sunayen mutanen da ba su san da mu ba.

Gwaggo ta sa aka kai ta gona a bayan babur, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta nuna mini kufan gidan Sarkin Noma, inda har yanzu in an yi huɗa ake tono katangar tukwane. Ta nuna kukar da aka yi rabon gado a gindinta, da layin gamba da ya raba kason Malam da na yayyensa, da ɗorawa biyu da aka bar wa mata su riƙa cin kalwarsu. Duk wanda ya tsaya a wurin da ido buɗe zai ga gonakin nan guda ɗaya ce aka yanka, kamar yadda ake yanka ƙwarya a raba wa 'ya'ya. Na sha wucewa ta wurin ban gani ba.

Da na koma ga guntayen takardun ajamin nan, na kai wa wani malami da ya saba da tsofaffin rubuce-rubuce. Kallo ɗaya ya yi ya ce hannun da ya rubuta Risala daban, wannan daban, kuma yaron makarantar allo ma zai gane. Muka zauna muka warware su da ƙyar. Bashin hatsi ne: wane ya karɓi dami kaza, zai biya da kaka. Akwai ranakun haihuwar 'ya'ya, ba shekara, sai wata da rana. Cikin masu karɓar bashin har da sunayen yayyensa, kuma a gaban wasu an ja layi an rubuta cewa an yafe. Wannan ne rubutun kakan mahaifina, shi kaɗai ya bari, kuma shi na ture gefe don ba shi da kyau.

Ba ni kaɗai ke da wannan ciwo ba, ko da yake wannan ba uzuri ba ne. Mu mutane ne masu son a ce daga nesa muka zo. Garuruwa na jingina kansu da Bagadaza, gidaje na jingina da Yaman ko Masar ko Fas, kuma da wuya ka ji wanda ya miƙe a taro ya ce kakansa nan ya tsira, yana bautar abin da ubansa ya bauta wa. Amma Hausawan da suka cika ƙasar nan kafin Musulunci ya game ta ba ƙasa ce ta haɗiye su ba, jikokinsu ne mu da yawa. Boko kuma ya ƙara mana wani camfi, cewa abin da ke kan takarda ya fi abin da ke bakin tsohuwa. Ga shi kuwa ɗaya daga cikin littattafan da masana suka fi dogara da su a kan rayuwar ƙauyen Hausa bakin tsohuwa ne: Baba ta Karo, wadda ta tashi a Karo da Zarewa, can wajenmu, ta zauna da Mary Smith a 1949 da 1950 ta ba ta labarin gandu da rinji da aure da yaƙi, aka buga a 1954. Na karanta wannan littafi tun ina jami'a, na yaba shi a gaban mutane. Tawa Babar tana zaune a ɗaki, tafiyar minti kaɗan daga zauren da nake baje kolin bincikena.

Ranar da aka koma gaban dagaci na nemi izinin magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar nan ni na rubuta ta, kuma ƙarya ce. Ban yi da niyyar cutar kowa ba, amma son zuciya ne ya ja ni." Ban taɓa jin nauyin bakina kamar ranar ba, ga baffannina a zaune, waɗanda suka riga suka fara gaya wa surukansu sabon asalinsu. Maganata kaɗai ba za ta wadatar ba, don mai ƙara zai iya cewa na janye ne saboda gona. Wanda ya kashe maganar tsohon nan ne. Aka ɗauko shi, ya zauna, ya jero 'ya'yan Sarkin Noma ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka mutu a Kakalaba, ya faɗi wanda ya samu wane gefe a rabon gado, ya ce gefen bakin hanya na Malam ne tun ran nan. Mai ƙarar jikan ƙaninsa ne, kuma da ya yi shiru gidansu ne zai samu. Ya juya ya ce wa saurayin, "Kai kuma ka san gaskiya, takarda ka samu ka fake da ita."

Bayan an tashi na bi shi gida na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba ni ka yi wa ba, ɗana. Kakanka ka yi wa. Shi bai taɓa jin kunyar ubansa ba." Sannan ya ce in kawo alƙalami, tunda ina son rubutu. Muka yi kwanaki, shi da Gwaggo suna faɗa suna gardama a kan wace ce uwar wane, ni ina rubutawa. Inda suka saɓa na rubuta duka biyun na sa sunan mai faɗa. Inda suka ce ba su sani ba na bar wurin fari.

Sabuwar salsalar gajeriya ce. Ta tsaya a kan Sarkin Noma da mahaifinsa, wanda laƙabinsa kawai aka riƙe, sama da nan babu komai. A faɗi kuwa ta ninka ta farko, domin ta ɗauki gidajen can duka, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, da 'ya'ya mata da inda aka kai su aure. Na bi gida-gida ina karɓar tsohuwar ina ba da sabuwar. Wasu sun karɓa, wasu sun ce ta ɓata. Wani ɗan baffana da ke birni ya riga ya sa tasa a gilashi ya rataye a falo, har ya nuna wa dangin matar da ɗansa zai aura. Na je har gida na yi masa bayani tun daga gafaka har gaban dagaci. Ya saurare ni tsaf, ya ce shi dai ta farkon ta fi kama da gaskiya, kuma ai ni na rubuta ta. Har yanzu tana nan a bangonsa.